Ba Kowane Fosil Ne Dutse Ba: Ma'anar Kalmar "Fossilization" da Yadda Ya Kamata a Koyar da Ita

Gabatarwa

A yawancin makarantun sakandare, idan malamin Bayoloji ko na Labarin Ƙasa ya iso babin tarihin halittu, akwai wata doguwar kalmar Ingilishi da yakan rubuta a allo, wato "fossilization". Da yake kalmar baƙuwa ce, lokacin darasi kuma gajere, sai malam ya juya harshe zuwa Hausa ya ce abin da ake nufi shi ne dabba ko itace ya zama dutse. Ɗalibai su rubuta, su haddace, a wuce gaba. Bayan 'yan shekaru wasu daga cikinsu su zama malamai, su ma su gaya wa nasu ɗaliban haka.

Wannan fassara tana da ƙanshin gaskiya, amma guntuwa ce. Guntuwar fassara kuwa a fagen kimiyya takan daɗe tana ɓarna, domin ba mai zarginta balle ya bincike ta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata malamai su daina ba da "zama dutse" a matsayin ma'anar wannan kalma. Zama dutse hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi da yawa, kuma Ingilishi yana da wata kalma dabam da ya keɓe mata. Abin da "fossilization" take nufi shi ne adanuwar gawar wata halitta, ko wani sashe nata, ko wata alama da ta bari, a cikin ƙasa har tsawon dubban shekaru ko miliyoyi. Domin a ga dalilin wannan ra'ayi, sai an koma ga asalin kalmar.

Asalin Kalmar

Kalmar "fossil", wadda za a riƙa rubutawa fosil a nan, ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci daga kalmar Latin "fossilis", ma'anarta kuwa abin da aka tono. Ita kuma ta fito daga aikatau "fodere", wato haƙa. Babu dutse ko kaɗan a cikin saiwar kalmar. Haƙa ce da tono.

Saboda haka ne masanan Turai na farko suka riƙa kiran duk abin da aka ciro daga ƙasa da wannan suna. A shekarar 1546 wani Bajamushe mai suna Georgius Agricola ya wallafa littafinsa De Natura Fossilium, wanda mafi yawan abin da ke cikinsa bayanin ma'adinai ne da duwatsu masu daraja da gishiri. Da Agricola ya ga kanwa ko kuza ko tama, da fosil zai kira su. A wancan zamani ana ta gardama a kan wasu duwatsu masu siffar katantanwa ko haƙori da ake tsinta a kan tsaunuka. Wasu na cewa ƙasa ce take tsirar da su kamar yadda take tsirar da ciyawa.

A shekarar 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak a gaɓar Italiya, aka kai kansa ga Nicolas Steno, wani masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Denmak da ke zaune a birnin Fulorens. Da ya feɗe kan, sai ya lura haƙoran kifin daidai suke da wasu duwatsu da ake kira duwatsun harshe, waɗanda ake kawowa daga tsibirin Malta. A 1667 ya wallafa hujjarsa cewa waɗannan duwatsu haƙoran kifaye ne na zamanin da, waɗanda laka ta binne tun tana da taushi, daga baya ta ƙame ta kewaye su. Sannu a hankali ma'anar kalmar ta yi ta tsukewa, har zuwa ƙarni na 19 ta tsaya a kan ragowar halittu masu rai kaɗai.

To, ina "zama dutse" ya fito? Wannan ma'anar wata kalma ce, wato "petrification", daga "petra", sunan dutse a Girkanci da Latin. Kowane Bahaushe yana furta wannan saiwa kullum ba tare da ya sani ba, domin kalmar fetur daga "petroleum" take, wato man dutse. Larabci ma ya bambance abubuwan nan biyu. Fosil shi ne "uhfura", daga "hafara", ya haƙa. Zama dutse kuwa "tahajjur", daga "hajar", dutse. Tun a ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi bayani a Kitab al-Shifa a kan dabbobi da tsirrai da suka koma dutse. Ke nan harsunan da suka daɗe da wannan ilimi kalma biyu suka ajiye. Babu dalilin da zai sa Hausa ta cusa su a buhu ɗaya.

Ginin Kalmar da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar tana da sassa uku. Akwai saiwa, "fossil", wadda suna ce. Sai ɗafa-ƙeya "-ize", wadda ke mai da suna aikatau. Sa'an nan ɗafa-ƙeya "-ation", wadda ke mai da aikatau sunan aiki. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin haka ake samun baƙi, baƙanta, baƙantawa, ko gajere, gajarta, gajartawa.

Daga nan ake gane kuskure na farko da ake yawan gani a takardun ɗalibai, wato rikita abu da yadda abin ya samu. Fosil abu ne da ake riƙewa a hannu, a auna, a ƙirga. "Fossilization" kuwa faruwa ce, ba a ƙirga ta, ba a sa ta a akwati. Ɗalibin da ya rubuta cewa an tono "fossilization" guda uku a Goronyo, daidai yake da wanda ya ce ya sayo haihuwa uku a kasuwar awaki.

Abu na biyu shi ne, aikatau "fossilize" yana aiki ta fuska biyu. Ana iya cewa laka ta yi wa ƙashi wannan aiki, ana kuma iya cewa ƙashin ne abin ya faru gare shi. Ingilishi siffa ɗaya yake amfani da ita a wuraren biyu. Hausa ta fi shi fayyacewa a nan: laka ta adana ƙashi, ƙashi ya adanu. Abu na uku ya shafi rubutu. Littattafai da yawa na Ingila suna rubuta kalmar da harafin s, na Amurka kuwa da z. Duka biyun daidai ne, abin da ake so kurum shi ne ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kansa har ƙarshen takardarsa.

Hanyoyin Adanuwa

Hujja mafi ƙarfi a kan gazawar "zama dutse" ita ce a jero hanyoyin da halitta ke adanuwa, a ga guda nawa ne suka dace da wannan fassara.

Hanya ta farko ita ce cikewar ƙofofi. Wanda ya taɓa fasa ƙashin saniya ya san cikinsa cike yake da ƙananan ramuka kamar soso. Idan aka binne ƙashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ratsa shi ɗauke da narkakkun ma'adinai, kamar silika, wato sinadarin rairayi, ko kalsayit, wato sinadarin farar ƙasa. Ma'adinan su riƙa kwanciya a cikin ramukan, kamar yadda farin ɓawo ke taruwa a gindin butar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. Ƙashin ya yi nauyi, ya yi tauri, amma wani kaso na ainihin ƙashin yana nan.

Hanya ta biyu ita ce musanya. A nan ruwan yana narkar da ainihin jikin halittar kaɗan-kaɗan, ma'adini yana maye gurbinsa, har a wayi gari siffa ce kawai ta rage. Idan waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu a jikin itace ko ƙashi, shi ne ake samun zama dutse na gaskiya. Mashahurin misali yana jihar Arizona ta Amurka, inda gumagumai masu fiye da shekara miliyan 200 ke kwance a fili, sun koma silika, amma ana iya ganin jijiyoyinsu. A nan fassarar malam ta yi daidai. Daga nan kuma sai ta fara tuntuɓe.

Hanya ta uku ita ce gurbi da zubi. Duk wanda ya tsaya wurin masu ƙera tukwanen alminiyam ya ga wannan da idonsa. Maƙeri yakan danna tsohuwar tukunya a cikin ƙasa mai danshi, ya cire ta, ta bar gurbinta, sa'an nan ya zuba narkakken ƙarfe, sabuwar tukunya ta fito. Haka yake faruwa ga katantanwa ko wuri da laka ta binne. Lakar ta ƙame, ruwa ya narkar da ɓawon ƙaf, ya bar rami mai siffarsa. Wannan rami fosil ne, alhali kuwa babu kome a cikinsa. Idan daga baya wata laka ta cike ramin, an sami zubi. Ba halittar ce ta zama dutse ba a nan, domin ita ta riga ta ɓace kafin dutsen ya zo.

Hanya ta huɗu ita ce dannewa. Ganye ko ƙaramin kifi yakan shiga tsakanin shimfiɗu biyu na laka, nauyin ƙasar da ke sama ya matse shi, ruwa da iskar da ke jikinsa su fice, a bar wani siririn baƙin tabo na sinadarin kabon mai siffar ganyen. Ana yawan samun irin wannan a duwatsun da ke kewaye da kwal.

Hanya ta biyar ita ce adanuwa ba tare da wani babban canji ba. Akwai itatuwa masu fitar da danƙo irin ƙaron maje. Idan ƙwaro ya maƙale a cikin irin wannan danƙo, aka binne shi, yakan sandare ya zama amba, ƙwaron kuma yana ciki da fikafikansa da gashin ƙafarsa. Ambar da ake tsinta a gaɓar Tekun Baltik ta kai kimanin shekara miliyan 40. A 2016 masana suka ba da labarin guntun wutsiyar wani ƙaramin dainaso, da gashinsa irin na tsuntsu, a cikin ambar ƙasar Bama mai shekara miliyan 99. Ƙanƙara ma takan yi wannan aiki. A 2007 aka tsinci gawar 'yar mamot, wata irin giwa mai gashi da ta ƙare a duniya, a arewacin Saiberiya ta Rasha. Ta yi kimanin shekara 42,000, amma fatarta da namanta da kayan cikinta suna nan. A birnin Los Anjelis kuwa akwai tafkunan kwalta na La Brea, inda aka ciro ƙasusuwan dubban dabbobi waɗanda kwalta ta jiƙa, ta hana su ruɓewa. Ƙashi ne har yanzu.

Hanya ta shida ita ce ta alama. A 1978 ayarin Mary Leakey ya gano jerin sawaye a Laetoli ta ƙasar Tanzaniya, waɗanda wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu suka bari a kan jiƙaƙƙiyar tokar dutse mai aman wuta shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Sawu fosil ne. Ramin tsutsa fosil ne. Sheƙa da ƙwai fosil ne. Har kashin dabba ma, wanda William Buckland na Ingila ya raɗa wa suna kofrolayit a 1829, fosil ne mai daraja, domin yana nuna abin da dabbar ta ci. Yaya sawu zai zama dutse, alhali shi ba jiki ba ne?

Cikin hanyoyi shida ke nan, biyu kaɗai fassarar "zama dutse" ta rufe. Ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa ya kawo ire-iren fosil, in wannan fassara ce kaɗai guzurinsa, ya bar kashi biyu cikin uku na amsar a waje.

Abin da Ya Sa Adanuwa Ke da Wuya

Akwai wata illa ta biyu da fassarar ke haifarwa. A kunnen Bahaushe, a ce abu ya zama dutse ko ya rikiɗa dutse, magana ce ta tatsuniya, abu ne da ke faruwa farat ɗaya ta hanyar tsafi ko la'ana. Ɗalibin da ya ɗauki wannan hoto ba zai tambayi sharuɗɗa ba, alhali kuwa sharuɗɗan su ne kimiyyar.

A ɗauki misalin saniyar da ta mutu a daji da rani. Kafin rana ta faɗi ungulaye sun sauka, da dare kura ta farfasa ƙasusuwa, ƙudaje da ƙwayoyin bakteriya su gama da sauran nama, rana da ruwan sama su tsattsage abin da ya rage. Bayan 'yan shekaru ko alama babu. Wannan ita ce makomar kusan dukkan halittun da suka taɓa rayuwa. Amma a ce saniyar ta nutse a taɓon fadama, ambaliya ta zo ta rufe ta da laka mai kauri a kwana ɗaya. Ungulu ba ta gan ta ba, kura ba ta kai gare ta ba, iskar oksijin da masu ruɓarwa ke bukata ta yi ƙaranci. Wannan saniya ta sami damar adanuwa.

Sharuɗɗan ke nan: binnewa da gaggawa, laka ko rairayi mai laushi, ƙarancin oksijin, da mallakar sassa masu tauri kamar ƙashi da haƙori da ɓawo. Shi ya sa fosil na halittun teku da tafki ya fi na halittun tudu yawa nesa ba kusa ba, kuma na masu ɓawo ya fi na masu taushin jiki irin su tana. A 1940 wani masani ɗan Rasha, Ivan Efremov, ya ba wa nazarin wannan tafiya daga mutuwa zuwa binnewa suna tafonomi. Darasin da ke ciki shi ne, abin da aka tono ɗan ƙaramin samfur ne na abin da ya rayu, kuma samfurin ya karkata gefe ɗaya.

Shaidar da Ke Kusa da Gida

Ba sai an je Arizona ba kafin a ga waɗannan abubuwa. A ƙarshen zamanin dainaso da bayansa, wani reshen teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya malale ƙasar Sakkwato da yammacin Nijar. Lakar da ta kwanta a gindin wannan teku ita ce shimfiɗun dutsen da masana suka sa wa sunayen garuruwan yankin, kamar Dukamaje da Dange da Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje, mai shekara tsakanin miliyan 70 zuwa 66, aka sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin guza da damo. W. E. Swinton na Birtaniya ya fara bayaninta a 1930, sa'an nan a 1972 wasu masana 'yan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ana kuma samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da na kunkuru a waɗannan shimfiɗu. Haƙori dama can ma'adini ne tun dabbar tana da rai, saboda haka sau da yawa launinsa kawai ke canzawa. Farar ƙasar Kalambaina kuwa, wadda ake siminti da ita a Sakkwato, ta taru ne a gindin tekun nan fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce, kuma tana ɗauke da ragowar halittun ruwa masu ɓawo.

A Nijar, filin Gadufawa da ke hamadar Tenere yana cikin wurare mafi shahara a Afirka ta wannan fanni. Daga duwatsunsa masu kimanin shekara miliyan 110 aka sami ƙaton kada Sarcosuchus, wanda aka raɗa wa suna a 1966, da dainaso Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet na Faransa ya bayyana a 1976, da Nigersaurus mai haƙora fiye da 500, wanda Paul Sereno na Amurka da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999. Mai ziyarar gidan tarihi na ƙasa a Yamai zai ga ƙwarangwal na dainaso a tsaye.

Muhimmancin wannan ga batun kalma shi ne, mutanen da suka fi kowa cin karo da fosil ba masana ba ne. Masu haƙar rijiya ne, da masu fasa dutse, da manoma, da makiyaya, da 'ya'yansu da ke zaune a ajin malam. Yaron da aka koya wa cewa fosil dabba ce da ta zama dutse, idan ya ga gurbin katantanwa a jikin farar ƙasa, ko wasu ramuka a jere a kan fa, zai wuce abinsa, domin bai ga dabba ba.

Wuraren da Kalmar Ke Ruɗarwa

Akwai wasu jimloli na Ingilishi da ke ɗauke da kalmar fosil waɗanda suke ƙara rikita ɗalibi. Na farko shi ne "fossil fuel", sunan da ake kiran kwal da fetur da gas da shi. Tun ƙarni na 18 ake amfani da wannan suna, lokacin da tsohuwar ma'anar take da rai, wato makamashin da ake tonowa daga ƙasa. An yi sa'a sabuwar ma'anar ma ta dace da shi, domin kwal irin na Inugu daga tsirran fadamun da ya samu, fetur kuwa galibi daga ƙananan halittun teku da ido ba ya gani. Ba daga naman dainaso fetur ya fito ba, kamar yadda wasu ke zato. Ruwa ne kuma, ba dutse ba.

Na biyu shi ne "living fossil", wato fosil mai rai, wanda Charles Darwin ya yi amfani da shi a 1859 ga halittun da suka yi kama ƙwarai da danginsu na zamanin da. Cikin misalansa har da wani kifi mai huhu, dangin gaiwa. Gaiwa takan shige taɓo idan tafki ya ƙafe, ta kwanta har damina, masunta su tono ta da ranta. Laƙabi ne na kamance kawai. Gaiwa ba ta adanu ba, haihuwa take yi tana mutuwa kamar kowane kifi.

Na uku shi ne iyaka tsakanin fosil da kayan tarihi. A 1987 wani makiyayi da ke haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. A ma'anar Agricola wannan fosil ne, tun da tono shi aka yi. A ma'anar yau kuwa aikin hannun mutum ne, kamar gumakan Nok, don haka yana ƙarƙashin ilimin kufai. Sa'an nan akwai batun shekaru. Masana da yawa sun ɗauki shekara 10,000 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fosil. Wannan yarjejeniya ce ta sauƙaƙa aiki, ba wani canji ke aukuwa ga ƙashi a ranar da ya cika wannan adadi ba. Maƙabartar Gobero da aka gano a Tenere a shekarar 2000, wadda tsofaffin kaburburanta suka kusa shekara 10,000, tana zaune ne daidai kan wannan iyaka.

Ma'anar Aro

Kalmar ta fita daga ɗakin kimiyya ta shiga wasu fannoni. A Ingilishi akan ce ra'ayi ko tsari ya yi "fossilize" idan ya ƙame ya ƙi canzawa. A 1972 wani masanin harshe ɗan Amurka, Larry Selinker, ya ari kalmar domin bayanin abin da ke faruwa ga mai koyon baƙon harshe: wani kuskure ya zauna a bakinsa daram, ko da ya shekara ashirin yana jin daidai. Bahaushen da ya gama jami'a amma har yanzu yana musanya p da f a Ingilishi misali ne, haka ma baƙon da ya tsufa a Kano bai iya bambance ƙ da k ba. Ɗalibin da zai karanta Ingilishi ko koyarwa a gaba zai sake haɗuwa da kalmar a wannan ma'ana.

Abin lura shi ne, fassarar "zama dutse" ita kanta ta kamu da wannan ciwo. An maimaita ta daga malami zuwa ɗalibi har ta ƙame. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ajin sakandare ne wurin gyara.

Hujjar Masu Cewa a Bar Ta Haka

Malami zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, manhaja ta yi yawa, minti arba'in ba ya isa, yaro kuma yana bukatar abin da zai kama da sauri. Zai ƙara da cewa mafi yawan fosil da ake nunawa a littafi da dutse suka yi kama. Duk wannan haka ne. Amma sauƙi yana da amfani ne idan abin da za a koya gobe zai hau kansa. Fassarar da sai an rushe ta kafin a koyar da amba da sawu da gurbi, ba ta rage wa malam aiki ba, jinkirta shi ta yi. Kalmar adanuwa kuma ba ta fi "zama dutse" tsawo ko wuya ba.

Wasu kuma za su ce a ari kalmar kawai, a ce fosil, a huta. Aro ba laifi ba ne, Hausa ta ari mota da asibiti da fetur, kuma duk sun zauna. Sai dai waɗannan abubuwa ne da ake gani kullum, ganinsu shi ne fassararsu. Kalmar da aka aro ga abin da yaro bai taɓa gani ba tana bukatar rakiya.

Akwai kuma kalmar burbushi, wadda marubuta da yawa ke amfani da ita, su ce burbushin halittu. Ta dace da guntayen ƙashi da haƙori, kuma ta riga ta sami karɓuwa. Amma burbushi ɗan abin da ya rage ne daga jikin wani abu, don haka ba ta rufe sawu da rami ba, ba ta kuma dace da cikakkiyar gawar mamot ba.

Kammalawa

Shawarar wannan maƙala ga malamai da masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa guda huɗu ce. Ta farko, a riƙe fosil a matsayin sunan abu, a bayyana shi da cewa burbushi ko alamar halittar zamanin da wadda ta adanu a ƙasa. Ta biyu, a fassara "fossilization" da adanuwar halitta a ƙasa. Gaskiya ne adanuwa kalma ce mai faɗi, hatsi ma yana adanuwa a rumbu, amma faɗin nata shi ne ake bukata, domin abin da take wakilta faɗi gare shi. Ta uku, a bar "zama dutse" ga "petrification" kaɗai, a koyar da shi a matsayin reshe. Ta huɗu, a gaya wa ɗalibai asalin kalmomin biyu, haƙa da dutse, domin wanda ya san saiwa ba ya bukatar hadda.

Darasin ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Da curin yumɓu da ganyen mangwaro da katantanwa ɗaya da ɗan kwaɓin siminti, malam zai nuna gurbi da zubi da alama a darasi guda. Makarantun da ke kusa da Dange ko Wurno ko Kalambaina suna iya neman izini su kai ɗalibai su duba duwatsun yankinsu. Duk ɗalibin da ya tsinci wani abu kuwa, a koya masa ya rubuta inda ya gan shi da irin ƙasar da yake ciki, ya sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa ko gidan tarihi, domin fosil da aka raba da wurinsa ba tare da rubutu ba ya yi asarar rabin labarinsa.